Lamba Uku da Buhunan Albasa



Duk wanda ya saba tsayawa gaban wannan allo zai tuna da wani kwali da muka liƙa a watan Fabrairu, wanda muka rubuta da jan biro mai kauri: ƊAN DANWARAI ZAI TAFI TURAI. Ranar nan sai da monita ya zo da bulala kafin mutane su bar gaban allon su shiga aji. Mu 'yan kulob ɗin 'yan jarida mun ji daɗi ƙwarai, don ba mu taɓa rubuta abin da aka yi rububin karantawa haka ba. Yau mun dawo ne a kan wannan kwalin. Mai labarin ya yarda mu rubuta, da sharaɗin kada mu saka sunansa. Mun ce to, duk da mun san babu wanda bai san shi ba, har 'yan aji ɗaya da suka shigo bana.

Lamba Uku muke ce masa, saboda baya ta hagu yake tsarewa. Yana aji uku, shekararsa 15. A aji ba shi da surutu, in malami ya yi masa tambaya sai ya yi ta kallon benci. Amma ku bar shi ya shiga filinmu na bayan azuzuwa, wanda turakun ragarsa itacen dogon yaro ne kuma rabinsa duk tsidau ne. Nan za ku ga wani mutum daban. Da takalmin roba yake bugawa, wani lokacin ma ya cire ya ajiye a gindin turke, wai yana rage masa gudu. Ƙafarsa ta hagu kuwa, mai tsaron gidanmu ya ce gara a jefe shi da hoge da a ba Lamba Uku bugun tazara.

Wasu kuma Zaidu suke kiransa, kuma kowa ya san dalili. Zaidu Sanusi ɗan Jega ne, nan kusa da mu, shi ma baya ta hagu yake bugawa, kuma ya kai har ƙungiyar Porto ta ƙasar Fotugal da Super Eagles. In ana nuna wasansa a gidan kallo, ko wanda bai damu da Porto ba sai ya biya kuɗinsa ya shiga. A lokacin abin da muka sani game da shi bai wuce wannan ba. A tunaninmu wata rana ce kawai yana buga ƙwallo a Jega, wani mai kuɗi ya gan shi, ya sa shi a jirgi, washegari ya waye gari a talabijin.

Shi ya sa ba mu yi mamaki ba da wani mutum ya bayyana ranar wasan ƙarshe na gasar ƙauyuka. Ya zo da mota, da tabarau, da babbar waya cike da hotunansa tare da Turawa a bakin filaye masu koriyar ciyawa. Ana tashi daga wasa ya kira Lamba Uku gefe. Mu kuwa muka bi su a baya, tunda aikinmu ke nan. Da kunnenmu muka ji yana cewa yaron nan ɓata lokacinsa yake yi a ƙauye. Ya ce za a cike fom na naira 15,000, sannan a je gwaji Abuja, daga nan sai Fotugal kafin damina ta faɗi. Kuɗin fasfo da biza da jirgi naira 400,000, kuma wannan ma ragi ya yi saboda yaron ya burge shi. Wani babba a wurin ya ce ai yaron ɗan makaranta ne, jarrabawar gama ƙaramar sakandare na gabansa. Mutumin ya yi dariya ya ce wa ya taɓa tambayar ɗan ƙwallo takardar jarrabawa? Aka ce shekarunsa fa? Ya ce shekaru abin biro ne.

Ranar Lahadi ke nan. Ranar Litinin muka liƙa kwalinmu.

Malamin da ke kula da kulob ɗinmu ba ya nan a lokacin, ya je jinyar mahaifiyarsa. Kwalin ya yi sati biyu a allo. A cikin sati biyun nan Lamba Uku ya daina zuwa aji. Da asuba ana ganinsa yana gudu a gefen titi, da yamma yana fili. In mun haɗu da shi sai mu ce masa in ya je can kada ya manta da mu, ya aiko mana da riguna. Ɗaya daga cikinmu har lambar takalminsa ya rubuta masa a takarda.

Da Malam ya dawo, ya daɗe a tsaye gaban allon. Sannan ya tara mu a ƙarƙashin bishiya lokacin tara, bai yi faɗa ba, tambaya uku kawai ya yi mana. Wace ƙungiya ce za ta ɗauke shi? Muka yi shiru. Yaya sunan mutumin, kuma ina ofishinsa? Muka ce yana da mota. Wa kuka tambaya kafin ku rubuta? Nan ma shiru. Ya ce mu cire kwalin da hannunmu. Sai ya ce tunda Zaidu muke so yaron ya zama, mu fara gano yadda shi Zaidun ya zama Zaidu, kuma zai riƙa ara mana wayarsa minti ashirin kullum bayan an tashi.

Abin da muka samo ya ba mu kunya.

An haifi Zaidu a 1997. A 2016 ya isa Fotugal, wato yana da shekara 18 zuwa 19, kuma ba Porto ya sauka ba. Wata ƙungiya ce mai suna Gil Vicente ta fara karɓarsa, ita ma ba ta saka shi cikin manyanta ba, sai ta ba da aronsa ga Mirandela. Mun nemi Mirandela a taswira da ƙyar muka gan ta. Ƙaramin gari ne can arewacin ƙasar, kuma a lokacin ƙungiyar tana rukuni na uku ne, irin wasan da ba a nunawa a gidan kallonmu ko da kyauta ne. A nan ya zauna har 2019. Muka lissafa da yatsu, kusan shekara uku ke nan, daidai da tun daga ranar da mutum ya shigo aji ɗaya har ya gama aji uku. Muka yi ta tunanin yadda ya yi da sanyi, da harshen da ba Hausa ba kuma ba Turanci ba, da azumi da salla ba tare da kowa nasa ba. Daga nan ya koma Santa Clara, wadda ke wani tsibiri a tsakiyar Tekun Atalantika, inda sai an shiga jirgin sama kafin a je wasan waje. Sai a 2020 Porto ta saye shi, yana da shekara 23, kuma a watan Oktoba na shekarar ya fara buga wa Nijeriya a wasa da Aljeriya.

Mun sake kallon ƙwallon da ya ci Benfica ranar 7 ga Mayu 2022, a gidansu, a cikin mintunan da alƙalin wasa ya ƙara, wadda ta ba Porto kofin ƙasar. Sau shida muka kalla har Malam ya ce datarsa ba ruwan rijiya ba ce. Ɗan baya ne fa, amma ya taso da gudu tun daga can gidansu har gaban ragar mutane. Wannan gudun muka sani a da. Shekarun Mirandela babu wanda ya taɓa ba mu labarinsu.

Akwai kuma wani abin da ya sanyaya mana jiki. Ranar 11 ga Fabrairu 2024 Zaidu ya buga wasan ƙarshe na kofin Afirka, wanda Kwaddibuwa ta ci mu 2 da 1. A cikin watan nan dai, da komawarsa Porto, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a fili, ya yi watanni da yawa ba ya wasa. Shi yana da ƙungiyar da za ta kai shi asibiti ta ci gaba da biyansa. Wata 'yar kulob ɗinmu ta tambaya, to in Lamba Uku ne gwiwarsa ta tsinke a wurin gwaji fa, wa zai ɗauko shi? Babu wanda ya amsa mata.

Maganar shekaru kuwa, wadda aka ce abin biro ce, a nan muka fi samun abin mamaki. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tana da doka cewa ba a ɗaukar yaro daga ƙasarsa zuwa ƙungiyar wata ƙasa sai ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai, kamar a ce iyayensa ne suka ƙaura can don wani aikin da ba ƙwallo ba. Dokar nan ba ta bar ko Ahmed Musa ba. Ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi a 2010, amma sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin a bar shi ya buga mata. To in wanda duk Nijeriya ta san shi ya jira, ta wace ƙofa za a fitar da ɗan shekara 15 daga Danwarai kafin damina? In kuma rage shekaru za a yi don shiga ƙungiyar 'yan ƙasa da 17, tun 2009 ake saka wuyan hannun yara a na'urar asibiti a duba ƙashi, kuma a gasar da aka yi a nan Nijeriya aka fara. Ƙashi bai san biro ba.

Da muka kai wa malamin wasanni abin da muka tara, sai ya ƙara mana da wata hanyar da ba mu taɓa ji ba. Ya ce a Amurka jami'o'i suna da ƙungiyoyin wasanni, kuma suna ɗaukar ɗalibi su yafe masa kuɗin karatu, duka ko wani ɓangare, don ya buga musu. Ya ba mu misali da wani wasa da ake yi can da Kanada, ƙwallon gora a kan ƙanƙara. Sai da muka yi dariya, don mu ƙanƙarar da muka sani ita ce ta cikin kular mai zoɓo, ba mu ga yadda mutum zai tsaya a kanta ba balle ya yi gudu da sanda. Ya ce yaro yakan bar gidansu tun yana 16, ya zauna a gidan wasu mutane a wani gari, ya buga gasar matasa har ya kai 20, masu neman 'yan wasa daga jami'o'i suna zuwa suna kallonsa shekara da shekaru suna rubutawa. Kuma in sun so shi, sai an duba sakamakon makarantarsa. In bai kai ba, ko shi ne ya fi kowa iya wasa, ba zai buga wa jami'ar ba.

Muka ce wannan ai na Turawa ne. Ya ce Hakeem Olajuwon fa? A Legas aka haife shi, mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa kafin ya fara ƙwallon kwando yana da shekara 15, daidai shekarun Lamba Uku. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston, daga nan aka ɗauke shi a babbar gasar Amurka a 1984, ya ci kofinta a 1994 da 1995. Ya ce ko nan gida jami'o'i suna da gasarsu da ake kira NUGA, kuma babu mai shigarta sai ɗalibi. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, wadda muke wucewa ta gabanta a kan buhunan albasa in an aike mu, ba a shiga don ƙafar hagu. Sai da takardar gama babbar sakandare, ita kuma ba a zuwa gare ta sai an haye jarrabawar aji uku.

A nan mun yi gardama a tsakaninmu, kuma gaskiya har yanzu ba mu gama ba. Wasunmu sun ce wannan hanyar ma ta 'ya'yan masu hali ce, waɗanda makarantunsu ke da fili mai ciyawa da mai ɗaukar bidiyo. Wa zai zo daga Amurka ya zauna a kan tsidau ya kalle mu? Kuma muna da ƙorafi a kan manya. Kullum ana ce mana ƙwallo shashanci ce, in aka ga ƙwallo a jakar mutum ƙwacewa ake yi, gasar makarantu kuwa sai a shekara ba a yi ba. To yaron da bai taɓa jin wani babba ya ce masa ya iya wani abu ba, in baƙo mai tabarau ya zo ya faɗa masa haka, don me ba zai bi shi ba? Mun faɗa wa malamin wasanni wannan. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce mu rubuta shi a allo yadda muka faɗa. Ga shi mun rubuta.

Abin da ya rage shi ne zuwa wurin mahaifin Lamba Uku, kuma babu wanda ya so zuwa. Malam ya ce wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Ranar Asabar muka bi shi mu huɗu. Lokacin cirar albasa ne, muka same shi a gona ana yanke ganye ana tarawa. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa da fara'a, har ya sa aka kawo mana ruwa. Da Malam ya faɗi abin da ya kawo mu, sai fara'ar ta ragu. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku na kunka rubuta ga allon makaranta?"

Muka ce, "E, Baba, mu ne."

Ya ce, "Ni ban yi boko ba, ɗiyana. Da mutumen ga yaz zaka, ban yarda ba. Sai anka ce mini ai har makaranta ta rubuta. Nic ce to, tunda masu karatu sun gani, ni wa?"

Ba mu taɓa jin nauyin biro irin na ranar ba. Ashe ya riga ya biya kuɗin fom, kuma ya sayar da buhu huɗu ya tura wa mutumin a matsayin kafin alƙalami. Duk ɗan gidan manoma ya san abin da wannan ke nufi. Lokacin cira albasa ba ta da daraja, kowa ya kawo, kasuwa ta cika. Mai haƙuri shi ke adana tasa ya jira watannin da za ta yi tsada, kuma da wannan kuɗin ake sayen taki, a yi suturar salla, a biya bashi. Sauran buhunan da yake shirin kaiwa kasuwa a makon, su ne na cikon naira 400,000.

Malam bai ce mutumin ɓarawo ne ba. Mu ma ba mu ce ba, don mun koyi darasi a kan faɗin abin da ba mu tabbatar ba. Takarda kawai muka miƙa, mai tambaya huɗu da muka rubuta da Hausa: sunan ƙungiyar da ke son yaron, takardar gayyata mai hatiminta, lambar lasisinsa na dillalin 'yan wasa tunda FIFA tana ba da lasisi, da kuma yadda za a yi da dokar shekara 18. Baba ya kira shi a gabanmu, ya buɗe murya, Malam ya karanta. Da farko mutumin ya yi ta wasa da dariya. Da aka zo ta uku sai ya ce shi ba ya son raini, yara ɗari na jiran wannan damar, kuma malaman ƙauye su ne ke hana yara ci gaba don hassada. A ƙarshe ya ce zai turo duk takardun kafin Juma'a.

Baba ya sa wayar a aljihu, ya kira ƙanensa ya ce a mai da sauran buhunan rumbu. Ya ce, "In takarda ta zaka, albasa tana nan. Ba ta da ƙahwa."

Lamba Uku yana tsaye a bayan tarin albasa duk lokacin nan, bai ce uffan ba. Da za mu tafi muka yi masa sallama, bai amsa ba. Bayan kwana biyu ya aiko mana da saƙo ta bakin wani ɗan ajinsu, cewa mun toshe masa hanya, kuma mu ne farkon masu tafa masa, yanzu mu ne farkon masu kai shi ƙara. Wannan maganar ta yi mana zafi, saboda rabinta gaskiya ne.

Juma'a bakwai ke nan yanzu. Takarda ba ta zo ba, buhu huɗu ma ba su dawo ba. Wayar mutumin wani lokacin tana shiga ba a ɗauka, wani lokacin a kashe.

Shi kuwa ya dawo aji da aka dawo hutu, bayan ya rasa sati shida na karatu. Sati biyun farko bai kula kowa a cikinmu ba. Ran nan lokacin tara ya zo ya tsaya kusa da mu kamar mai neman wani, can ya ce wa ke da yaya a aji uku mai cikakken littafin lissafi? Muka samo masa. Malamin lissafi ya yarda ya riƙa zama da shi da wasu mutum biyar bayan an tashi, Litinin da Laraba, har zuwa jarrabawa. Duk ɗan aji ukun da ke so yana iya zuwa, amma ya zo da bencinsa. Malamin wasanni kuma ya ce zai rubuta wa makarantu biyu na kusa a haɗa wasa kafin ƙarshen zango, kuma shi da kansa zai ɗauki bidiyo da wayarsa a ajiye.

Mun karanta wa Lamba Uku wannan rubutun kafin mu liƙa, tunda yanzu haka muke yi. Ya saurara har ƙarshe yana kallon ƙasa. Ya ce mu gyara abu biyu. Na farko, ba ya cire takalmi don gudu, yana cirewa ne don ɗan'uwansa ke sa shi zuwa Islamiyya da yamma kuma ba ya so ya tsinke. Na biyu, mu rubuta cewa shi bai fasa zuwa Turai ba, shekara uku kawai ya rage masa ya cika 18, kuma har yanzu yana gudu da asuba.

Ranar Alhamis bayan la'asar aji uku za su kara da aji biyu. Ana roƙon 'yan aji ɗaya su zo da tsintsiya da wuri saboda tsidau.